Lanƙwasar da Ostoja Ya Miƙar

Duk unguwarmu a Kragujevac an san Ostoja ba ya iya ganin ƙarfe a lanƙwashe ya wuce. Fanal-bita ne, ƙuruciyarsa duk a gareji ta ƙare, mota ta shigo masa a lotse ta fita sumul. Da ya ajiye aiki ciwon bai bar shi ba, sai ya koma kan cokulan gida, da hannun bokitin maƙwabta, da ƙyauren kowa. Ka ara masa lema, zai dawo maka da ita ya miƙar da wayoyinta, ya kuma haɗa maka da faɗa a kan yadda kake riƙe ta. Mutumin kirki ne, ba mai musun wannan. Sai dai hannunsa ƙaiƙayi yake yi, kuma tunda nake ban taɓa jin ya tambayi mai abu kafin ya gyara masa ba.

'Yarsa ɗaya ce, Isidora. Ta daɗe a Jamus, a Stuttgart, inda ita da mijinta Gavrilo suke da shagon zanen jiki, irin na allura da tawada wanda ba ya goguwa. Da sanyin bara zuciyar Gavrilo ta tsaya, ba ciwo ba sallama. Da zafi ya shigo Isidora ta dawo gida da akwatuna, ta share tsohon garejin ubanta, ta shafe shi da farin fenti, ta kafa kujerar aiki. Samarin gari suka fara zuwa, har da 'yan mata.

Ranar da ta iso ta faɗa masa magana biyu, tana tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Tata," ta ce, wato Baba, "ban saki ɗakina na can ba. Zan gwada zama zuwa saukar ƙanƙarar farko. In zaman ya yi, shi ke nan. In bai yi ba, in koma."

"Zai yi, ɗana," in ji Ostoja. Haka uba ke kiran 'yarsa a nan in yana ji da ita.

"Na biyu, kar ka taɓa min kayan aiki. Na san ka."

Ya dafa ƙirji ya rantse. Kuma da gaske yake, don tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune a gidan nan, yana mayar wa rediyo magana. Ba abin da yake tsoro kamar ranar da zai sake raka Isidora tasha.

Akwai dai wani abu da ya tsaya masa a rai. Bango ɗaya ne tsakanin kicin da gareji. Injinan da Isidora ke aiki da su na zamani ne, kamar alƙalami mai kauri, ba su da wata ƙara. Amma kowace safiya, kafin ta buɗe ƙofa, daidai lokacin da Ostoja ke zaune da gahawarsa, sai ya ji wata ƙara daban ta ratso bango, zzzz, mai kaifi, da ɗan kaushi a ƙasanta. Ta ɗan jima, ta tsaya. Ba kowa a kujera, ba wanda ake yi wa zane. To me ake kunnawa, kuma don me? Sau ɗaya ya tambaya.

"Injin Gavrilo ne," ta ce. "Shi ya haɗa shi da hannunsa." Ta ci gaba da yanka burodi, shi ma bai ƙara ba.

Lokacin gashin tattasai, unguwa duk ta ɗauki ƙamshi da hayaƙi, Isidora ta tafi Belgrade sayen tawada, ta ce za ta kwana biyu wurin ƙawarta. Washegari hadari ya haɗo, Ostoja ya tuna tagar gareji a buɗe take. Rufe taga ai ba taɓa kayan aiki ba ne. Ya shiga, ya rufe, ya juyo, sai ga injin Gavrilo a kan tebur, an shimfiɗa masa ɗan ƙyalle.

Kallo kawai zai yi, haka ya ce wa kansa. Amma mutum irin Ostoja da yatsu yake kallo. Abin bai cika tafin hannunsa ba, sai nauyi. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, an goge ta da hannu, har ana ganin sawun magagari. A tsakiya wasu abubuwa biyu suna tsaye kamar kwarkwaron zaren keke. A samansu wata 'yar sandar ƙarfe a kwance, ba ta taɓa su ba, tana reto. Abin da ya riƙe ta daga baya ɗan fallen ƙarfe ne siriri, sai wani fallen kuma a kanta da ya miƙo gaba, ya tashi sama ya dafa bakin wani dogon noti. Ostoja ya yaba aikin, surukin nasa ashe yana da hannu. Ya juya abin ta gefe ya kanne ido ɗaya, yadda yake yi wa ƙofar mota, sai ya ga abin da ya ɓata masa rai. Fallayen nan biyu duk a lanƙwashe suke.

"Kai, masu ɗaukar kaya!" ya ce shi kaɗai. "Sun danne shi a akwati, yarinya ba ta ma lura ba."

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokacin shan gahawa ba. Ya ɗauko filaya, ya naɗe bakinta da tsumma don kar ta bar tabo, ya kwance fallayen, ya miƙar da su sambal, ya mayar. Ya maƙala wayar wuta inda ya ga gurbinta, ya sa ƙafa ya taka fedar da ke ƙasan tebur, yana murmushi, yana jiran ya ji yadda muryar za ta washe.

Shiru.

Ya sake takawa. Ya duba soket, ya ga fitilar akwatin wuta tana ci. Ya taka da ƙarfi kamar mai taka birki. Ko motsi. 'Yar sandar nan da ɗazu take reto yanzu ta kwanta a kan kwarkwaron, fallen gaba kuma ya rabu da bakin noti. Gumi ya keto wa Ostoja duk da iskar hadari.

Mutum ɗaya zai iya kira, kum ɗinsa Milisav, wato aminin da ya tsaya masa ranar aure, ya kuma riƙe Isidora ranar baftisma. Milisav mai gyaran wuta ne, shi ma ya ajiye aiki, abin da ya rage masa surutu da dafa rakija, giyarsu ta gargajiya, a bayan gida. Ya iso da kwalba a aljihun kwat, tabarau a goshi.

"Kum, me ka kashe?"

"Ban kashe komai ba. Gyara na yi."

"To ai shi nake nufi."

Ya zauna, ya jawo injin gabansa, ya zaro tsinken ashana yana bin waya da shi.

"Bari mu ga hanyar da wuta ke bi. Ta shigo ta nan. Ta zagaya cikin waɗannan biyun, koyil ne, wayar jan ƙarfe aka naɗa a kan baƙin ƙarfe. Wuta na shiga su zama mayen ƙarfe. Sai ta hau wannan dogon notin, sai ta..." Ya tsaya. Ya sauko da tabarau. Sai ya fashe da dariya har da buga tebur. "Ƙararrawar ƙofa ce! Na rantse, kum, ƙararrawar ƙofa ce irin ta gidan kakanninmu. An cire ƙararrawar an sa allura."

"Bar dariya ka yi min bayani. Wuyana ne a ciki."

"Saurara. Wuta ba ta da gada sai inda bakin notin nan ya taɓa fallen gaba. In sun taɓa, ta wuce, koyil su zama maye, su fizgo sandar ƙasa. To sandar na sauka, fallen da ke kanta ya bi ta, ya rabu da noti. Gada ta yanke, wuta ta ɗauke, maye ya saki. Sai fallen baya, shi sifirin ne, ya ɗaga sandar ya mayar da ita sama. Tana komawa, falle ya sake taɓa noti, wuta ta dawo. Haka dai, haka dai."

Ostoja ya manta da tsoronsa na ɗan lokaci. Ya ja kujera kusa. Ya sa farce ya ɗaga sandar, ya saki, ya sake ɗagawa.

"Wato shi yake kashe kansa, shi yake tayar da kansa?"

"Fiye da sau ɗari kafin ka ce kum. Ƙarar da kake ji ke nan. Ita kuma allura a wannan ɗan kan da ke bakin sanda ake rataya ta, ta bi ta cikin bututu. Sanda ta sauka, allura ta shiga fata. Sanda ta tashi, allura ta fita."

"Wannan ɗan ƙullin fa da ke maƙale a gefe?"

"Kafasita, ƙanwar ta fanka. Duk rabuwar da falle zai yi da noti, wuta na son ta yi tsalle ta bi shi. Ita ke shanye tsallen, in ba haka ba tartsatsi ya cinye ƙarfen."

"Ikon Allah. To me ya sa ya mutu?"

Milisav ya dube shi ta saman tabarau, dariyar ta tafi.

"Me zai ɗaga sandar in sifirin ɗin baya ya miƙe? Me zai kai fallen gaba bakin noti in ba lanƙwasa? Kum, lanƙwasar ita ce injin. Sauran duk ƙarfe ne da waya, kowa zai iya saye. Wannan kam yatsun Gavrilo ne suka yi ta."

A nan Ostoja ya gane abin da 'yarsa ke saurara kowace safiya. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, sai tsoro ya biyo ta, don ya san Isidora ba ta maimaita magana. Milisav ya tsiyaya masa rakija, ya ture kofin, ya ce yau yana bukatar hannunsa.

Suka kwance fallayen. Ostoja ya ba na baya 'yar lanƙwasa, ya ba na gaba tasa, suka ɗaura. Milisav ya taka feda. Injin ya yi tari, ya yi tartsatsi shuɗi a bakin noti, ya kama wani kurman gunji. Tsofaffin nan biyu suka yi ihu kamar an ci ƙwallo.

Daga nan abin ya zama musu wasa, ko da yake ba lokacin wasa ba ne. Suka gano cewa in ka ɗaura dogon notin ya matso, tafiyar sanda ta gajarta, murya ta yi sama ta yi sauri. In ka sassauta shi, sanda ta samu fili, murya ta yi kauri, ta yi nawa. Ostoja ya kara babban yatsansa a ƙarƙashin kan sandar don ya ji dukan. Da sifirin ɗin baya ya yi tauri sai maye ya riƙa kokawa da shi, dukan ya zo a gajiye. Da ya yi laushi kuma sanda ta ƙi komawa da wuri, abin ya riƙa ɗingishi. Shekara da shekaru yana dukan ƙarfe, bai taɓa sanin cewa lanƙwasar da ba ta kai kaurin farce ba za ta iya sauya halin inji haka ba. Abin ya burge shi, har ya ji haushin bai taɓa zama da Gavrilo sun yi wannan hirar ba.

"To ya tashi," in ji Milisav. "Mayar da shi kan ƙyallensa, mu sha wani abu."

"Bai yi ba. Ba muryarsa ba ce."

"Kai ina ka san muryarsa?"

"Na sani mana." Ostoja ya kasa kunne, ya girgiza kai. "Amma a nan ba na ganewa. Ban taɓa jinsa a ɗakin nan ba."

Ya fita, ya zagaya, ya shiga kicin. Ya ja kujerarsa ta kullum, ta jikin bango, ya zauna. Har kofin gahawa ya ɗauko ya riƙe, ba komai a ciki.

"Taka!" ya ɗaga murya.

Ƙarar ta ratso bango.

"Ya yi kauri! Matso da notin!"

"Nawa?"

"Kaɗan! Na ce kaɗan, kurma! Ka wuce!"

"Ni ne kurma? Zo ka taka da kanka ka saurara da kanka, tsohon banza!"

Haka suka wuni, ɗaya a gareji ɗaya a kicin, suna zagin juna ta bango. Maƙwabciyarsu da ke gashin tattasai ta leƙo ta shinge ta tambaya ko kiwon zuma suka fara. Ostoja ya yi ta kai da kawowa. Noti kaɗai bai isa ba, saurin ya zo daidai amma ɗan kaushin nan na ƙasa babu shi. A wata shigowar ya ɗaga fallen gaba ya kai shi hasken taga, sai ya ga wani ɗan baƙin gurbi a jikinsa, bai fi kan allura ba. Nan bakin noti ya yi shekaru yana sauka. Yanzu kuwa notin yana sauka ne ɗan gaba da gurbin.

"Ga shi, kum! Gavrilo ya bar mana alama. In bakin noti ya faɗa ramin nan, mun dawo inda yake."

Ya ƙara lanƙwasa, ya ɗaura, ya ruga kicin. Milisav ya taka. Muryar ta ratso bango. Ita ce, ko kuma ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Saura ƙiris, ɗan abin da shi kaɗai zai ji.

Ya kamata ya tsaya a nan. Ba wanda ya fi shi sanin cewa ƙarfen da aka lanƙwasa, aka miƙar, aka sake lanƙwasawa ya gaji, shi da ya yi shekaru yana faɗa wa masu koyon aiki haka. Milisav ma ya ce masa ya bari. Amma saura ƙiris ɗin nan ya hana shi sakat. Ya sake kama fallen da filaya, ya ɗan murza hannu.

Ƙas.

Fallen ya rabe biyu, daidai kan lanƙwasar. Guntun ya faɗi a kan tebur ya yi ɗan tsalle. Wannan karon da Milisav ya tura masa kofi, ya shanye.

Da safe Ostoja ya buɗe tsohon akwatin kayan aikinsa ya ɗauko ma'aunin bakin filogi, wanda ke da siraran fallaye jere kamar wuƙar aljihu. Ƙarfen sifirin ne mai kyau, tun yana saurayi yake tare da shi. Ya gwada kaurinsu ɗaya bayan ɗaya da guntun da ya karye har ya samu daidai. Ya cire shi, ya ɗora guntayen biyu a kai ya zana, ya yanka da almakashin ƙarfe, ya huda, ya goge gefen da magagari har ya yi santsi. Sannan ya lanƙwasa shi sau ɗaya tak, yana riƙe da numfashi. Milisav ya dawo bakin feda, shi ya koma kicin. Kafin azahar sun kai inda suka kai jiya, ba su wuce ba, kuma wannan karon Ostoja ya ajiye filaya.

"Ba za ta gane ba," in ji Milisav yana sa kwat. "Ka yi shiru, ni ma in yi shiru. Ai ba ƙarya ka yi ba in ba a tambaye ka ba."

Ostoja ya tsince guntayen biyu ya sa a aljihun rigarsa.

Isidora ta dawo da yamma da kwalaye, a gajiye. Ya dafa mata wake da nama, ta ci ta yaba, shi ya yi ta juya cokali. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu ya tambaye ta ko motar ta cika.

Gari ya waye. Ya zauna a kujerarsa, gahawa na hucewa a hannunsa. Ya ji ta buɗe gareji, ya ji takunta. Ƙarar ta ratso bango, zzzz, ta yanke tun ba ta yi nisa ba. Ta sake tashi, ta sake yankewa.

Ta bayyana a ƙofar kicin da injin a hannu.

"Wannan ƙarfen ba nasa ba ne."

Ostoja ya sa hannu a aljihu, ya fito da guntayen, ya ajiye a kan tebur. Ya faɗa mata komai, tun daga taga. Bai ce don ya taimaka ya yi ba, ko da yake maganar ta zo masa har baki.

"Abu ɗaya na roƙe ka, Tata," in ji Isidora. "Ɗaya! Gidan nan cike yake da cokula, ba su ishe ka ba? Ka san ranar da ya lanƙwasa wannan? Ina zaune a gefensa ina yi masa tsiya wai ya cika naci. Shi ke nan abin da ya rage min da hannunsa ya taɓa, kai kuma ka ga ya karkace!"

Ta kwashe guntayen, ta haura sama. Ostoja ya ji ta rufe ƙofa, ya ji kukanta, kukan da tun dawowarta bai ji ta yi ba. Can kuma ya ji an jawo wani abu mai nauyi daga ƙarƙashin gado. Ya san a nan akwatinta yake. Ya zauna inda yake, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallonsu da ƙiyayya.

Rana ta take kafin ya ji saukowarta. Ba ta biyo ta kicin ba, gareji ta shiga. Ƙarar ta tashi, wannan karon ta daɗe. Ta tsaya, ta tashi, ta ɗan sauya, ta sake tashi.

"Tata! Zo nan."

Ya same ta a zaune, idanu a kumbure, injin a gabanta.

"Wa ya saita shi? Kum Milisav?"

"Shi yake takawa. Ni nake saurare daga kicin."

"Daga kicin?"

"A nan ba na ganewa. Ta bango na san shi." Ya sunkuyar da kai. "Kullum ina zaune a wurin in kin kunna."

Isidora ta dube shi. Ita a zatonta ita kaɗai ce a wannan abin na kowace safiya. Ta share hanci da bayan hannu.

"Ka yi kusa," ta ce a hankali. "Ka ɗan ba shi sauri, na rage. Mutanen da suka yi shekara goma a aikin nan ba za su kawo shi nan da kunne ba." Ta shafa sabon fallen da yatsa. "Da me ka yanka wannan?"

"Ma'aunin filogina."

"Gavrilo ma da irinsa yake yankawa." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta gama fita ba. "Ka san tun da ya rasu ban sa wa injin nan allura ba? Sifirin ba ya dawwama, Tata, kowanne da ranar karyewarsa. Kullum in na taka sai gabana ya faɗi, in ce ko yau ce. Na ɗauko injin da ya fi kowanne jan layi na mayar da shi abin ajiya." Ta ja numfashi. "To ka karya. Ba sauran abin da zan jira."

"Ɗana, ki yafe..."

"Ban ce na yafe ba. Zauna a kujerar nan. Cire riga."

"Ni?"

"Inji ba a sanin saitinsa a iska, sai ya shiga fata. Ba zan gwada aikin fanal-bita a jikin yaron mutane ba. Wanda ya yi lanƙwasa shi zai ɗanɗana."

Ostoja ya cire riga, ya hau kujerar da bai taɓa zaton zai hau ba. Ta wanke hannu, ta sa safar roba, ta naɗe injin da leda, ta ɓare sabuwar allura. Yana kallo ta rataya ta a kan sandar, ta zura ta cikin bututu, ta zagaya 'yar roba ta riƙe ta kar ta yi rawa. Ko a wannan halin sai da ya miƙa wuya ya ga yadda robar ke aiki. Ta aske masa dantse, ta goge da wani abu mai sanyi, ta fara zana layuka da alƙalami tun daga kafaɗa har gwiwar hannu.

"Me za ki zana min?"

"Abin da na ga dama. Kai ka tambaye ni?"

Ya haɗiye wannan. Ya kalli girman wurin da ta zagaye.

"Duk wannan yau za a gama?"

"Yau layi kawai, shi ma ba duka ba. Sai ya warke in ƙarasa. Sai ya sake warkewa in sa inuwa, sannan launi. Fatar tsoho kuma ba ta warkewa da wuri." Ta tsoma bakin allura a tawada, ba ta ɗago ta dube shi ba. "In ka yi sa'a, mu gama bayan ƙanƙara ta narke."

Ostoja ya juya maganar a ransa, ya sake juya ta, don ya tabbata ya ji daidai. Daɗi ya cika masa ƙirji har idonsa ya kawo ruwa, tun allura ba ta taɓa shi ba.

"Tun yanzu?" in ji Isidora. "Ban ma fara ba."

Ta taka feda, ta ja fatar da yatsu biyu, ta sauke allura. Zafin ya fi yadda ya zata nesa ba kusa ba. Ya damƙe hannun kujera, ya cije, bai motsa ba.